Littafin Lambun Maitama

A fadamar da ke yamma da Gozaki, idan aka tayar da zancen albasa, sunan Malam Haladu ake fara kira. Shekara arba'in da 'yan kai yana noman rani a wurin, tun ana ban ruwa da jigo har aka zo zamanin inji da mesa. Yakan damƙi ƙasa ya murje ta a tafin hannu, ya ce saura kwana uku ta nemi ruwa, kuma a kwana ukun za ta nema. Bai taɓa rubuta komai ba. Abin da ya sani yana cikin kansa da yatsunsa, duk mai so kuma sai ya tako har gindin itacen bedi, wato darbejiya, da ke bakin lambunsa, ya gaishe shi, ya tsuguna, sannan ya yi tambaya.

Ƙanensa Maitama, uwa ɗaya uba ɗaya, ba nan hanyarsa ta bi ba. Shekarar da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, mahaifinsu ya dube su su biyu ya miƙa Maitama, ya ce Haladu ya fi ƙashi, gona tana bukatarsa. Maitama ya yi karatu, ya sami aiki a wani gidan gurzar auduga a Funtua, ya shekara ashirin da shida yana kula da injina. In ya zo gida da salla, da agogo a hannu da takalmi sau ciki, Haladu yakan dube shi ya ce a ransa, to, kai ka san ƙarfe, ni na san ƙasa. Da wannan maganar ya yi ta lallashin zuciyarsa shekara da shekaru, kuma ta lallasu.

Sai gidan gurzar ya rufe. Maitama ya kwaso iyalinsa ya dawo gida da furfura a gemu, ya nemi a yanka masa rabonsa na fadamar gado. Haladu ya yanka masa ba gardama, har da ɗan jin daɗi, don ya san yanzu ɗan boko zai zo hannu. Ya kuwa zo. Shekarar farko ya yafa iri ruwan sama ya daddoke shi, ya yi dashe da tsakar rana rabi ya mutu, tumatirinsa ya yi ta zubar da fure. Kullum yana gindin bedi.

"Yaya, me ke sa ganyen nan naɗewa?"

Haladu yakan amsa yana kallon wani wuri, kamar mai miƙa sadaka. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma watannin nan suna cikin mafi daɗi da ya taɓa yi a duniya.

A wannan shekarar ne Maitama ya haɗa littafinsa. Bai sayi na kanti ba, ya ce takardarsa ba ta jure raɓa da jiƙaƙƙen hannu. Takardar buhun siminti ya samo, irin wadda masu balangu ke naɗe nama, ya yayyanke ta daidai, ya ninke, ya ɗinke tsakiyar da basilla da zaren buhu. Bango ya yi da kwali, ya lulluɓe shi da yankin tsohon tamfol, ya ɗaure fensir a jiki da igiya. Ya zana lambun a shafin farko, kowane fangali da lambarsa. Ya kafa gwangwanin madara a kan turke, duk ruwan da aka yi ya tsoma tsinke ya auna ya rubuta. Ganyen da ya yi ciwo sai ya tsinko, ya busar, ya manna a shafi da ƙaro. Haka yake yi wa injina a Funtua, kowanne da takardarsa, ranar da ya sha mai da ranar da ya yi tari.

Haladu ya yi dariya har da riƙe ciki a majalisar ƙofar masallaci. "Ku bar shi," in ji shi. "Albasa dai ba ta iya karatu ba." Aka yi dariya tare da shi.

Shekara ta uku tsutsar tumatir ta shigo fadamar, wadda ke huda 'ya'ya ta ƙone ganye. Kowa ya ji jiki, har Haladu. Maitama ya zauna da littafinsa ya yi ta juya shafi, ya lura fangalin da ya riga dasawa sun ba shi tsinka huɗu kafin zafi ya sauko tsutsar ta yi ƙarfi, na baya kuwa ko biyu ba su kai ba. Da shekara ta zagayo ya yi dashe mako uku kafin kowa. Aka ce zumuɗi ne. Lokacin da tsutsar ta dawo, shi ya riga ya kwashe amfaninsa, kwando bisa kwando.

Daga nan abubuwa suka fara canjawa, a hankali, yadda ba mai lura sai wanda abin ya shafa. Mutum ya zo gindin bedi ya gaida Haladu, ya yi 'yar hira, sannan ya miƙe ya ce bari ya leƙa wajen Malam Maitama. Wani ma ba ya tsayawa, hannu kawai zai ɗaga. Wata Talata malamin gona ya zo daga Malumfashi a kan babur, matashi mai jaka a kafaɗa. Haladu ya hango shi, ya gyara zama, ya kakkaɓe tabarma. Malamin ya rage gudu, ya ce, "Sannu Baba, ina bukkar mai littafi?" Haladu ya nuna masa da haɓa. Awa biyu babur ɗin yana jingine a can, Haladu yana jiyo muryoyinsu da dariyarsu. Daga baya aka ce masa malamin ya ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya da wayarsa.

Da yamma matarsa Hansai ta kawo masa tuwo da miyar da ta sha tumatir. Ya yi loma biyu ya tsame hannu.

"Ina kika sami tumatirin nan?"

"Gidan Maitama suka aiko da shi."

"Shi ya sa. Tsami gare shi."

Hansai ta ɗanɗana ta dube shi. Shekara talatin da biyar suna tare, ta san tsamin ba a miya yake ba.

"Malam, ƙanenka ne fa. In ya samu, gidan nan ne ya samu."

"Na ce bai samu ba ne?"

Ta ɗauke kwanon.

Abin da ke cin Haladu ba kwandunan ba ne. Shi ma yana samun nasa, kuma a albasa har yanzu ba wanda ya kama ƙafarsa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne, mutumin da aka ba boko, aka ba birni, aka ba albashi, ya dawo ya miƙa hannu kan abu ɗaya tilo da aka bar masa. Shekara huɗu kacal. Shi kuwa faratansa duk sun ƙare a ƙasar nan. In ya tsaya salla sai ya tsinci kansa yana lissafin kore da tsawon shukar ƙanensa, ya yi istigfari ya sake niyya. Da safe kafin ya duba nasa lambun, idonsa ya riga ya tsallaka iyaka.

Wasu a majalisa suna cewa, cikin wasa, ai littafin nan akwai laƙani a ciki. Haladu ya san ba laƙani, amma yana so ya ga abin da ke ciki da idonsa. Ya taɓa shiga ajin yaƙi da jahilci yana saurayi, yana iya haɗa baƙi a hankali.

Ranar da Maitama ya tafi Funtua ta'aziyyar wani tsohon abokin aikinsa, Haladu ya bari aka yi azahar fadama ta yi shiru, ya tsallaka iyaka ya shiga bukkar. Littafin yana rataye a leda jikin tanka. Ya sauke shi ya zauna kan buhu, ya buɗe, yana bin layi da yatsa.

"Goma ga watan goma. Yaya ya ce kada a yafa albasa sai an ga gero ya sunkuyar da kai."

Ya juya shafi.

"Yaya ya ce in ganye ya yi ruwan ɗorawa daga ƙasa, yunwa ce. In daga sama ne, ruwa ya yi yawa."

"Yaya ya ce toka da sassafe, raɓa ba ta bushe ba."

Shafi bayan shafi, sunansa ne. Maganganun da ya yi ta zubarwa a gindin bedi yana kallon wani wuri, ga su nan an tsince su ɗaya bayan ɗaya an jera. Da wani mutumin ne, da zuciyarsa ta yi sanyi. Ta Haladu tafasa ta yi. Ashe da bazarsa ake rawa. Ashe ilimin da malamin gona ya zo ɗauka a hoto nasa ne, aka wuce shi da "sannu Baba" aka je aka karɓa a hannun wani.

Can gaba ya iske abin da ya fi wannan ciwo. "Yaya ya ce ban ruwa bayan kwana bakwai. Na gwada shekara biyu. A fangalin gabas ƙasar yashi ce, kwana biyar ya fi." Ya maimaita layin sau uku. Gaskiya ne, ƙasar gabas yashi ce, shi ma ya sani, bai dai faɗa ba ne don ba a tambaye shi ba. Amma ganin an rubuta shi an kuma yi masa gyara a ƙasa, kamar ɗan makaranta, ya ƙona masa rai. Ya naɗe igiyar fensir, ya mayar da littafin ledarsa, ya fita.

Bai ce wa kowa komai ba. Damina ta ja baya, aka shiga renon albasa.

Wata safiya Maitama ya zo gindin bedi ya gaishe shi ya tsuguna, kamar yadda bai taɓa fasawa ba.

"Yaya, irin da na yafa ya fito, amma bai yi ƙarfi ba. Siriri ne, launinsa ya koɗe. Me ka gani?"

Haladu ya san amsar. Iri ne da ya daɗe ƙarƙashin ciyawar rufi, rana kawai yake so da ɗan ruɓaɓɓen taki. Ya dubi aljihun ƙanensa, ya ga kan fensir ya leƙo. Wani abu ya taso masa daga ciki ya riga hankalinsa zuwa baki.

"Bana ƙasar ta yi sanyi," ya ce. "Ka samo kashin kaji sabo, ɗanye, wanda aka kwaso yau. Ka barbaɗa sosai ka bi da ruwa. Zai tashe shi."

Maitama ya ɗago kai. "Ɗanye, Yaya?"

"Ka tambaye ni ne ko ka zo gaya mini?"

"A'a. Na gode. Allah ya ƙara girma."

Ya tashi ya tafi. Haladu ya bi bayansa da kallo. Ya ce wa kansa, in littafin ne ke noma, to bari mu gani. Ɗanyen kashin kaji wuta ne a kan ƙaramin iri, duk wanda ya shekara biyu a lambu ya kamata ya sani. Abin da bai sani ba shi ne, a wannan lokacin akwai mutum a cikin ramin rijiyar da ke bayan bedin yana fama da injin ban ruwa, kuma ya ji komai.

Sanda ne, magidanci mai 'ya'ya shida, wanda ke noma ɗan yankin aro a ƙarshen fadamar. Mahaifinsa abokin Haladu ne tun suna yara, kuma tun da ya rasu Sanda ya ɗauki Haladu uba. A cikin waɗanda ke zuwa gindin bedi, shi kaɗai ne bai taɓa miƙewa ya ce zai leƙa wajen Maitama ba.

Kwana huɗu Haladu bai bi ta iyaka ba. Ran na biyar ya kasa daurewa, ya ɗauki fartanya kamar mai zuwa gyaran kwata, ya bi ta gefen renon ƙanensa. Fangali takwas ne. Bakwai sun yi shar, an yaye musu ciyawa an barbaɗa baƙin taki. Na takwas, ƙarami a can ƙarshe, ya ƙone ƙurmus, an kafa masa sanda da ƙyalle a kai. Haladu ya tsaya. Sai da ya sauke ajiyar zuciya, sannan haushi ya biyo baya. An auna maganarsa a fangali ɗaya, kamar yadda ake ɗanɗana abincin da ba a yarda da shi ba.

Ya ci gaba da tafiya don kada a ce kallo ya zo yi, har ya kai ƙarshen fadama. Nan ya iske Sanda zaune a kan kunya, ya haɗa kai da gwiwa. A gabansa renonsa ne gaba ɗaya, fangali biyar, ba ko ɗigon kore. Warin kashin kaji ya cika wurin.

Sanda ya miƙe da sauri ya rusuna. "Baba, gara da ka zo. Dubi abin da na yi."

"Me ka zuba masa?"

"Abin da na ji ka gaya wa Baba Maitama. Ina cikin rijiya ran nan. Nawa ma ya koɗe, sai na je gidan kajin hanyar Malumfashi na ɗauko buhu biyu." Ya share fuska da hula. "Ina jin hannuna ne ya yi nauyi. Ko ruwan ne ban ba shi isasshe ba."



"Baba Maitama ma ya tare ni a hanya da ya ga buhunan," Sanda ya ci gaba. "Ya ce in dakata, wai a littafinsa akwai wata maganarka ta bara waccan, cewa kashin kaji sai ya yi wata biyu a rami. Ya ce shi a fangali ɗaya zai gwada tukuna. Na ce masa ni bakinka na ji, ba takarda ba. Shekara arba'in ai ba wasa ba ce."

Irin albasa mai kyau ya riga ya ƙare a kasuwa, kuma ko an samu, wanda ya sake yafawa yanzu ya makara da wata guda. Haladu ya ce wa Sanda ya yi haƙuri, ya juya ya tafi gida tun hantsi, abin da bai taɓa yi ba.

Hansai tana sheƙar dawa a tsakar gida. Ta ga ya shigo ya zauna a bakin rumbu bai cire takalmi ba.

"Lafiya, Malam?"

Ya gaya mata, tun daga shigarsa bukka har zuwa renon Sanda. Bai rage komai ba. Ta ajiye faifai ta zauna.

"Da na Maitama ne ya ƙone duka, da ka dawo gida yanzu?" ta tambaya.

Ya yi tunani da gaske kafin ya amsa. "Ban sani ba."

"To, ka dai faɗi gaskiya." Ta ɗauki faifanta. "Yaron nan yana can yana zagin hannunsa. Kada ka bar shi ya kwana da wannan."

Bayan la'asar ya koma. Sanda yana kwashe ƙonannen irin da hannu. Haladu ya tsaya a kansa, ya ce ba hannunsa ba ne, ba kuma ruwa ba ne. Ya ce maganar ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce lokacin da ya faɗe ta.

Sanda ya ɗago a hankali. "Ban gane ba, Baba."

"Ba kai na nufa ba."

"Wa ka nufa?" Ya dubi wajen bukkar Maitama, ya sake duban Haladu. Sai ya sunkuyar da kai, kamar shi ne ya yi abin kunyar.

"Renona fangali goma ne," in ji Haladu. "Ranar dashe ka zo ka cire biyar. Ka zaɓa da kanka."

Sanda bai ce ya gode ba, bai ce ba ya so ba. Yana da baki shida a gida, ba shi da halin ƙi. Ya ci gaba da kwashe irin yana zubawa a gefe, har Haladu ya gaji da tsayuwa ya tafi.

Saura Maitama. Kwana biyu Haladu yana jira ya zo da ƙorafi, ko ya daina gaishe shi, ko ya kai maganar majalisa. Ba ɗaya. Yana zuwa da safe ya gaishe shi ya wuce. Ran na uku Haladu ne ya tsallaka iyaka, karo na farko da ya je bukkar mai ita yana ciki. Ya same shi yana fiƙe fensir da reza.

Maitama ya miƙe ya ba shi buhun da yake kai. Haladu ya zauna.

"Me ka rubuta a kan fangalin can?"

Maitama ya buɗe littafin ya karanta. "Fangali na takwas. Ɗanyen kashin kaji, ranar Lahadi. Ya fara ƙonewa ranar Talata, ranar Alhamis ba saura."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ko'ina ka sa sunana a littafin nan. Nan ne ba ka sa ba."

Maitama bai nuna mamakin yadda aka yi ya sani ba. "Na ga ka duba shi," ya ce. "Ni ta dama nake naɗe igiyar fensir, na dawo daga Funtua na iske ta ta hagu. Da ka tambaye ni, Yaya, da ni zan karanta maka."

"Na ce me ya sa ba ka sa sunana ba?"

"Abin da ka koya mini nake sa wa sunanka. Wannan ba koyarwa ba ce."

Haladu ya ji maganar har ƙashinsa. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi.

"Ka san ƙarya na yi maka, ka je ka ƙona fangali guda?"

"Ban sani ba. Na ce ko akwai abin da ka gani a ƙasar bana da ni ban gani ba. Sau da yawa haka ne." Ya rufe littafin. "Ni na zo a makare, Yaya. Ba ni da wata shekara arba'in a gaba. Abin da kai ka riƙe da ka, ni in ban rubuta ba kafin mako ya tsere. Kuma duk wanda ya zo nan ina gaya masa daga bakin wa na ji. Malamin gonar nan ma na ce ya tsaya wajenka, ya ce rana ta yi masa."

"Bai tsaya ba."

"Na sani."

Can nesa injin wani yana ta tari ya ƙi tashi.

"Ka rubuta na Sanda," in ji Haladu. "Fangali biyar. Ka sa sunana."

"Littafin lambuna ne, ba na Sanda ba."

"Na ce ka rubuta."

Maitama ya dube shi, ya ga ba wasa, ya buɗe ya rubuta. Haladu ya karɓa ya bi layin da yatsa har ƙarshe, ya tabbatar sunan yana nan, sannan ya miƙa masa ya tashi.

Ranar dashe Sanda ya zo da kwanduna, ya cire fangali biyar, bai zaɓi masu kyau ba, bai kuma zaɓi marasa kyau ba, daga gefe ɗaya ya fara ya tsaya a tsakiya. Albasarsa ta yi kyau a shekarar, irin Haladu ba ya ba da kunya. Yana gaida Haladu in sun haɗu, yana rusunawa kamar da, amma bai ƙara zama a gindin bedi ba. In yana da tambaya wajen Maitama yake zuwa. Bai gaya wa kowa abin da ya faru ba, Maitama ma haka, har yau majalisa ba ta sani ba.

Haladu ya dasa rabin filinsa, sauran ya zuba masa karas don kada ya zauna haka nan. Ranar da motar Funtua ta zo ɗaukar kaya, a karon farko tun rasuwar mahaifinsu, tulin albasar wani ya fi nasa tsawo a fadamar, kuma na ƙanensa ne. Ya tsaya yana kallon ana loda buhunan, abin nan ya sake sukarsa a ƙarƙashin haƙarƙari, daidai inda ya saba. Ya yi zaton abin da ya faru zai kashe wannan kishin. Bai kashe shi ba. Yana nan, wani lokaci ya lafa mako guda, sai a yi ruwan farko ko a fara tsinka ya farka.

Abu ɗaya ne ya canja, kuma mutanen fadama sun lura da shi ba su san dalili ba. A da, kafin ka rufe baki Malam Haladu ya ba ka amsa. Yanzu wata rana yakan amsa nan take, wata rana kuma ya yi shiru yana murza ƙasa a hannu, sannan ya ce, "Je ka ka dawo gobe." Suna cewa tsufa ne ya fara taɓa shi.

Bana da aka fara sanyi, Maitama ya zo da ganyen kabeji mai huji-huji a hannu. A safiyar ne Haladu ya ji labarin an gayyaci ƙanensa Malumfashi ya yi wa manoma bayani a wani taro, har za a aiko masa da mota. Maitama ya gaishe shi ya tsuguna ya miƙa ganyen. Haladu ya juya shi, ya ga 'yan ƙwayaye a bayansa, ya gane ko mene ne tun kallon farko. Ya saurari ƙirjinsa, ya ji kishin nan a farke yake.

"Ka dawo gobe," ya ce.

"To, Yaya. Allah ya kai mu."

Washegari tun kafin rana ta fito Haladu ya tsinko ganyen bedi cikin kwando don haɗa maganin tsutsar kabejin, ya ɗauko turmin Hansai na daka yaji duk da tana mita, ya kai su bakin iyaka ya zauna yana jiran ƙanensa ya iso.